Makin Mahfuza

Malam Umar Faruk ya shimfiɗa takardun sakamakon Jamb guda biyu a kan tebur, ya danne su da kwalbar ruwa don kada iskar taga ta kwashe su. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Mahfuza ta san wannan gugar. Shekara uku ta yi a ajinsa na Bayoloji a nan Safana, kuma duk ranar da zai faɗi abin da ba ya son faɗa, sai tabarau ya yi datti.

"Sa'adiyya," ya ce, yana duban ƙanwar Mahfuza, "ɗari uku da huɗu. Naki ba a taɓa shi. Ki bar jami'ar Zariya yadda kika zaɓe ta tun farko, ki zauna ki shirya wa jarrabawar tantancewa. Da wannan maki, sai dai wani ikon Allah ya hana ki karatun likita."

Sa'adiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Shekarunta goma sha bakwai, amma wanda bai san ta ba zai ce sha uku. Siririya ce, farin idonta da ɗan rawaya irin na masu ciwon sikila. Ta saci kallon yayarta.

"Ke kuma, Mahfuza." Ya jawo ɗaya takardar. "Ɗari biyu da ashirin da tara."

"Na sani, Malam."

"Na san kin sani. Abin da nake so ki ji daga bakina shi ne, Zariya ba za ta dube shi ba. Kano haka, Sakkwato haka. Masu neman likitanci a wuraren nan dubbai ne, guraben kuwa ba su taka kara sun karya ba. Daga sama ake yankowa, kafin a sauko inda kike an daɗe da rufe ƙofa. Idan na ce ki bar shi haka ki je ki yi ta addu'a, na cuce ki."

Wannan ne karo na uku da Mahfuza ta zauna jarrabawar Jamb. Karon farko ta ce kwamfuta ce ta ruɗa ta, don ba ta taɓa riƙe ta ba sai ranar. Karo na biyu Sa'adiyya na kwance a asibiti ana ƙara mata jini har ana jibi jarrabawa. Wannan karon babu inda za ta rataya laifi. Ta yi karatu har Inna ta fara tsoron idonta zai lalace. Ta shiga ɗakin jarrabawa lafiyarta ƙalau, ta amsa duk abin da ta sani, ta fito tana ganin ta yi iyakar yinta. Iyakar yin nata ke nan a kan tebur, a ƙarƙashin kwalbar ruwa.

Ita ce kuma ta koya wa Sa'adiyya. A gindin bishiyar bedin tsakar gidansu a Zakka ta zaunar da ita, tun yarinyar ba ta san bambancin jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi ba. Duk makon da ciwo ya hana Sa'adiyya zuwa makaranta, Mahfuza ce makarantar. Abin da ita sai ta maimaita sau biyar yake zama, Sa'adiyya sau ɗaya take ji, wani lokacin tana kwance tana cije leɓe. Mahfuza tana alfahari da haka, har ranar da saƙonnin biyu suka shigo wayar Baba, na ƙanwar a gaba, nata a baya. A ranar, na ɗan lokaci kaɗan, ta kalli Sa'adiyya ta ji ba ta ƙaunar ganinta. Ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka, rabi don makin, rabi don abin da ta tarar a zuciyarta.

"Babu wata hanya ke nan, Malam?" ta tambaya.

"Hanya biyu ce." Ya jingina da kujera. "Akwai wata sabuwar jami'ar jiha can gabas, wuni guda a mota. Ba su daɗe da buɗe sashen likitanci ba, masu nema ba su yi yawa ba tukuna. 'Yan jiharsu suke fara ɗauka, sai su bar 'yan gurabe kaɗan ga baƙi. Idan kin koma can, ba zan ce za ki samu ba. Amma ba zan ce ba za ki samu ba. A duk ƙasar nan, nan kaɗai zan iya faɗa miki haka ban yi ƙarya ba."

"To ai sai mu koma can mu biyu," in ji Sa'adiyya da sauri. Tun shigowarsu sai yanzu ta ɗaga kai.

Malam ya girgiza kai. "Idan kin bi ta can, layin baƙi za ki shiga, kuma ke ce a gaba. Gurbin da take fata, ke za ki zauna a kai. Banda haka, ba a ɗaukar maki irin naki a kai shi inda har yau ba su yaye likita ko ɗaya ba."

"Ta biyun fa?" in ji Mahfuza.

"Ki zauna a Zariya, ki sauya kwas. Makinki zai shigar da ke karatun malanta, fannin Bayoloji, ba tare da roƙon kowa ba."

"Aikin nas fa?"

"Digirinsa a can cunkosonsa kusan ɗaya da na likita. Makarantar nas kuwa kya iya gwadawa in sun buɗe, amma ita ma wataƙila ce." Ya gyara tabarau. "Malantar ba abin kunya ba ce. Ita na karanta."

Mahfuza ta dubi hannun rigarsa inda alli ya yi fari, ta kawar da kai.

Dukansu uku sun san abin da ya rage ba a faɗa ba. Tun ranar da aka cike musu neman jarrabawar, mahaifinsu Malam Haliru ya kafa sharaɗi a gaban Malam Umar Faruk ɗin: Sa'adiyya ba za ta kwana a wani gari ba sai da yayarta a kusa.

"Jibi zan kai masu canjin makaranta ko kwas cibiyar kwamfuta a Dutsin-Ma," in ji Malam. "Ku yi shawara da Babanku. Kafin ku koma gida, ki leƙo ki faɗa mini abin da zan sa a gaban sunanki."

Rana ta take lokacin da suka fito. Bazara ce, hadari ya yi ta haɗuwa a gabas yana watsewa, gari ya yi zafi kamar bakin murhu. Mahfuza ta buɗe gorar ruwa ta miƙa wa ƙanwar ba tare da ta dube ta ba. Hannunta ya saba. Ta kai ta gidan Gwaggo Bushira, ƙanwar babansu da ke aure a bayan masallacin Juma'a, ta ce ta kwanta a ɗaki ta huta, ita kuma ta nufi kasuwa.

Ta sami Baba a rumfar masu taki, zaune a kan buhun da ya saya, yana jiran mota. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi jikin Sa'adiyya da zafin nan, ya tambayi Gwaggo da yaranta, sannan ya matsa ya ba ta gefen inuwa. Ta faɗa masa duk yadda Malam ya ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Malam Haliru ya daɗe yana kallon wani mai kaji da ke ɗaure kwandonsa a bayan babur.

"Wato can gabas ɗin akwai ɗan haske," ya ce.

"Ɗan kaɗan, Baba."

"Kaɗan ɗin ma haske ne." Ya gyara rawaninsa. "Mahfuza, tun kina 'yar mitsitsiya kike wannan magana. Ke ce babba, ke kika fara nema, ke kika fi kowa shan wahalarsa. Ni ba zan ce ki bari ba. Ki koma can ki gwada rabonki. Sa'adiyya yarinya ce, kuma kai gare ta. Ta jira baɗi ta sake."

"Idan na samu, Baba, shekara shida zan yi a can."

"Allah ya kai mu."

"Ita kuma fa? Baɗin ma da wa za ta tafi?"

Ya mayar da idonsa kan mai kajin.

"Ko za ka bar ta ta tafi ita kaɗai? Makarantar likitoci ce fa. Asibiti yana nan kusa da su."

"Tayyib ma a asibiti ya rasu." Muryarsa ba ta ɗaga ba. Tayyib shi ne wan Sa'adiyya, ƙanin Mahfuza, ciwonsu ɗaya, ya rasu yana shekara tara. "Likita yana nan, nas tana nan, amma sai da jikinsa ya saki suka gane abin ya kai inda ya kai. Ke kuwa tun da hantsi kika ce mini, Baba, idon Tayyib ya sauya. Kina 'yar shekara goma sha biyu. Likita ya san ciwo, ban musa ba. Amma wa zai san ta? Wa zai ga ta yi shiru ya gane ba shirun karatu ba ne? Wannan ɗiyar ko ƙashinta na karyewa ba za ta tashi baƙuwa daga barci ta ce taimake ni ba. Na binne ɗaya da hannuna. Ba zan aika ɗayar inda sai dai a kira ni a waya ba."

Mahfuza ta sa yatsa tana zane a ƙasa. Da ya yi faɗa, da ya ce dole ki bi ƙanwarki, da ta sami wanda za ta yi fushi da shi. Sai ga shi ya ɗauki abin da ta shekara goma tana so ya ɗora mata a tafin hannu, ya ce ungo.

Ta tuna ranar da aka sallamo su daga asibiti bara, likitan yana cewa Sa'adiyya ta tsallake wannan, a kiyaye na gaba. Masu lafiya ne suke cewa baɗi kamar abin da suka ajiye a rumbu. A gidansu ba a taɓa yi wa Sa'adiyya ɗinkin sallah da wuri ba. Ba wanda ya taɓa faɗin dalili, amma kowa ya sani.

"Zan je in gaya wa Malam," ta ce, ta miƙe.

"Mi za ki ce masa?"

"Ban sani ba tukuna, Baba."

Amma kafin ta wuce rumfar masu gyaɗa ta san ta sani. Abin da ya rage kawai ƙafafunta su yarda.

Ta tarar da Sa'adiyya zaune a bakin gadon Gwaggo, ba ta kwanta ba, abincin da aka kawo mata yana rufe.

"Ba ki ci ba."

"Yaya, ki tafi gabas."

"Ci abinci."

"Wallahi da gaske nake. Ni ban taɓa cewa ina son likitanci ba sai da na ga kina so. Da kin ce ɗinki za ki koya, da yanzu ina kan keke. Naki ne. Ni aro na yi."

"Aron da ya fi na mai shi kyau," in ji Mahfuza. Ta so ta faɗe shi da wasa, amma bai fito da wasa ba. Sa'adiyya ta ji, idonta ya kawo ruwa.

"Kin ga ni. Kina jin haushina."

Mahfuza ta zauna kusa da ita. Ta yi niyyar musawa, sai ta ga ba ta da ƙarfin yin ƙarya da wannan zafin.

"Na ji," ta ce. "Ranar da saƙon ya shigo na ji. Yau ma da Malam ya ce naki ba a taɓa shi, na ji. Wataƙila in na gan ki da farar riga in sake ji. Ba ke kika jawo ba, kuma ba abin da za ki yi ya tafi. Ki bar ni da shi."

"To me ya sa za ki bi ni? Kullum kina ganina ina shiga inda kike so, ke kina wucewa ta ƙofar. Ban roƙe ki ba, Yaya. Ba na so a ce saboda ni."

"Saboda ke ne. Gara ki sani tun yanzu, kada ki je can ki yi wasa." Ta jawo kwanon ta buɗe. "Saurara. Ni in na je gabas, ko in samu ko kada in samu. In ban samu ba, mu biyu muna Zakka muna tsinkar zogale, makinki ya mutu a banza, don ba ya kaiwa baɗi. In na samu, ke kina Zakka. Ta kowace hanya ke kina gida. In mun je Zariya kuwa, gidanmu ya fitar da likita. Wannan lissafin ko mai ɗari biyu da ashirin da tara ta iya shi."

"In kuma na mutu a aji uku fa? Kin bar naki a kan me?"

Ba a taɓa faɗin kalmar a tsakaninsu ba.  Mahfuza ta kalli siraran yatsun ƙanwar, waɗanda ta sha gasawa da tsumma da ruwan ɗumi tun suna kumbura a goye.

"In Allah ya ɗauke ki a aji uku," ta ce a hankali, "ya ɗauke ki kina 'yar aji uku a makarantar likitoci, ina kusa da ke. Ba a gindin bedi kina jiran wata shekara ba. Ci abincin nan, mota ba za ta jira mu ba."

Sa'adiyya ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mara sauti, irin wanda ta koya tun tana ƙarama don kada ta tashi mutanen gida. Mahfuza ta dafa bayanta. Nata idon a bushe yake.

Malam Umar Faruk yana kulle ofis za shi masallaci lokacin da ta iso. Ya tsaya da makulli a hannu.

"Zariya, Malam. Malanta."

"Babanku ne ya ce?"

"A'a. Shi cewa ya yi in tafi gabas."

Ya dube ta sosai. "Kin san idan aka sauya, an sauya ke nan? Kuma in kin shiga, da wuya ki sake waiwayar Jamb. Na ga masu cewa za su sake daga ciki. Ban ga wanda ya sake ba."

"Na sani." Sannan ta ce, "Malam, don Allah in tambaye ka, ka gaya mini gaskiya. Da na je can ɗin, da zan samu?"

Ta ga yana neman amsar da za ta sauƙaƙa mata. Da ya ce a'a, da ta tafi gida da sauƙin zuciya, ta ce dama babu abin da ta bari. Shi ma ya san haka. Amma Malam Umar Faruk bai taɓa ƙara wa ɗalibi maki don tausayi ba.

"Ina jin da kin samu," ya ce. "Ban da tabbas. Amma ina jin haka."

Ta gyaɗa kai. "Na gode, Malam. Sai jibin."

Bayan la'asar akori-kurar Zakka ta cika, don ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Direban ya san Malam Haliru, ya ba Sa'adiyya kujerar gaba saboda jijjiga. Mahfuza ta hau baya ta zauna a kan buhun masara cikin mata, Baba kuma yana can ƙarshe a kan takinsa, ya riƙe ƙarfen motar. Bai tambaye ta abin da ta gaya wa Malam ba. Da ta hau ya dubi fuskarta, ta ce, "Zariya," ya mayar da idonsa kan hanya.

Suka bar gari. Gonaki a share, an tara karan bara an ƙone, kowa ya gyara ƙasarsa yana jiran sama. Kusa da Mahfuza wata dattijuwa ce mai yawan fara'a, ta ce daga Yasore ta fito, za ta Zakka barkar haihuwar jikarta. Ta gaisa da kowa, ta raba goro, ta yi ƙorafin gwiwarta, sannan idonta ya sauka a kan ledar takardun da ke cinyar Mahfuza.

"Ɗiyata, 'yan boko ne ku? Na ga ke da waccan ta gaba kamarku ɗaya."

"Ƙanwata ce, Inna."

"Allah sarki. Karatun me ake yi?"

Mahfuza ta dubi gilashin bayan direba. Ta cikin ƙurar da ta lulluɓe shi tana hango ƙeyar Sa'adiyya, ta jingina kai da ƙofa.

"Jami'a za ta tafi, Zariya," ta ce. "Karatun likita."

"Likita? Wannan 'yar firit ɗin?" Tsohuwar ta tafa hannu, ta juya tana gaya wa sauran matan, suka yi ta sa albarka. Wata ta ce Allah ya sa ta dawo ta yi aiki a gida, wata ta ce ai mata sun huta da kunyar likitoci maza. Tsohuwar ta leƙa wajen Malam Haliru ta ce Allah ya yi masa arziki, ya amsa da amin ba tare da ya juyo ba. Sannan ta dawo kan Mahfuza, ta dafa gwiwarta.

"Ke kuma fa, babbar? Me za ki karanta?"

Motar ta faɗa wani rami, kowa ya riƙe na kusa da shi. Mahfuza ta jira har ta daidaita. Ta gyara ledar a cinyarta.

"Ni rakiya zan yi mata," ta ce.

"Madalla. Ai ɗan'uwa rabin jiki," in ji tsohuwar, ta koma kan zancen gwiwarta.

A can ƙarshen motar Malam Haliru ya juya fuskarsa wajen gonaki, ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci da baki, ko da yake iskar ba ta wajensa take kaɗo ƙurar ba.